Mai Babban Ɓari

Yayata Verlene ta shekara talatin da ɗaya tana yanka duwatsun da ke faɗowa daga sama a garejin gidanta da ke Pruitt Wells, a yammacin Kansas, kuma ban taɓa jin ta yi maganar sama da ladabi ba. Masu kawo mata aiki kan sauke murya idan za su buɗe akwati, sai ka ce coci suka shiga. Wani likitan haƙori daga Denver har hawaye ya yi, yana gaya mata cewa dutsen da ke hannunta ya girmi duniya. Yaya ta juya shi, ta sansana, ta ce, "To duk tsawon shekarun nan bai samu ya yi wanka ba? Kauri nawa kake so a yanka?"

Ni ne Delbert, ƙanenta. Shekara huɗu ta ba ni, kuma har yau da na haura saba'in ba ta daina aike na ba. Aikina a garejin shi ne gogewa: idan ta yanka, ni nake bin fuskar yankan da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ta yi sheƙi. Ba na sa hannu a zarto. Na gwada sau ɗaya ba ta nan, ta dawo ta gane daga ƙarar injin tun tana bakin titi.

Mahauciya ce tun asali. Shekara goma sha biyu ta yi a gidan yankan nama na garinmu, inda manoma ke kawo sa ko barewa a gyara musu a ajiye a sanyi. Ka ce mata laba ɗaya, sai ta kalli tsokar, ta sa wuƙa, ta wurga kan sikeli, allura ta tsaya cak a kan ɗaya. Ba ta ma duba, tana can tana yi wa na bayanka faɗa.

Wata shekara wani ɗan kasuwa daga Arizona ya zo yana bin gonaki yana sayen duk dutsen da ya kama mayen ƙarfe. Ya kafa zartonsa a bayan masauki, wani faifai mai kauri irin na magina, yana ta ƙara. Yaya ta zo wucewa daga aiki, ta tsaya tana kallon baƙin kunun da ke kwarara ƙasa.

"Bawan Allah, wannan yanka kake yi ko niƙa?"

Mutumin ya ce idan ta fi shi iyawa ta zo ta karɓa. Kuskurensa ke nan. Bayan wata guda ya koma garinsu ya bar mata zarton, ya riƙa aiko mata da duwatsu ta gidan waya, abokansa ma suka bi sahu.

Abin da ta gani ranar shi ne duk sana'ar. Duk inda zarto ya bi, gwargwadon kaurinsa na dutse ya tafi ke nan, ya zama gari, ba mai dawo da shi. Cin zarto muke ce masa. Mu da muke sayen nama da laba, muke auna gona da eka, sai ga mu muna ɗaga wa juna murya a kan giram ɗaya. Yaya ta yi wurgi da faifan maginan, ta sayi siriri mai garin daimon a baki. Daga baya ta ƙaro zarton ɗamara saboda duwatsun da suke ƙarfe zalla, waɗanda yanka ɗaya kan ci yini biyu. Na ƙarshe da ta saya shi ne zarton waya: waya ce siririya mai garin daimon, tana gudu a kan tayoyi, tana ratsa dutse a hankali. Merle ta raɗa masa, sunan marigayi mijinta, domin a cewarta shi ma ba ya cin abinci da yawa, ba ya magana, kuma ba ya gama komai da wuri.

Ruwan famfo ba ya shiga garejin nan. Maganin da hukumar ruwa ke zubawa yana shiga jikin dutse ya tayar da tsatsa, bayan shekara biyu ka ga yanka mai kyau yana zubar da jajayen hawaye. Tataccen ruwa take saye jarka-jarka don sanyaya zarto. Idan ta gama sai ta tsoma dutsen a sifirit, ta kai shi kicin, ta sa a tanderu da wuta kaɗan na awanni har danshi ya fita sarai. Merle na gaskiya, Allah ya jiƙansa, ya sha buɗe tanderu da yunwa ya tarar da yankan dutse a jere inda ya kamata a ce kaza ce. Dokarta ita ce ba dutsen da zai kwana da ruwa a jiki a gidanta, ko na wane ne.

Abu ɗaya ne yake ci mata rai, ko da yake za ta rantse maka ba ya damunta. Kowane yanka yana tafiya da 'yar takarda: inda dutsen ya faɗo, wanda ya tsinta, nauyinsa, malamin jami'ar da ya duba shi, mai shi na yanzu. Ba a rubuta wanda ya yanka. Mun taɓa zuwa wani gidan tarihi a birni, ta hango aikinta a cikin gilashi tun daga bakin ƙofa, yanka mai faɗin faranti, siriri har haske na ratsa korayen ƙwayoyin da ke ciki. Kwana goma sha ɗaya ta yi a kansa. A ƙasa an rubuta sunan attajirin da ya ba da shi kyauta, da manyan haruffa. Sai da muka wuce Wichita a hanyar gida, sannan ta buɗe baki ta yi wa attajirin wankin babban bargo, shi da matarsa da jirgin ruwansa da ba ta taɓa gani ba. Raina ya ɓaci ranar, domin gaskiya gare ta.

A shekarar da ta cika sittin da shida, bayan an girbe dawa, mai hayar gonarta ya bugo waya ya ce garmarsa ta ci karo da wani abu a bakin shingen gabas. Muka je. Yaya ta durƙusa ta tono shi da hannunta: ja-ja, baƙi-baƙi, girman burodi, gefe ɗaya a karye. Ta manna masa mayen ƙarfe, ya kama gam. A hanyar dawowa ta rungume shi a cinya tana ce mini in rage gudu. Wai matar da ke dungurar da dutsen likita a kan tebur kamar ƙashin saniya ke nan.

Ka'idar ita ce, sabon dutse yana ɗaukar sunan garin da ya fi kusa, a shigar da shi babban littafin da malaman wannan ilimi ke riƙe da shi. A ƙasan shafin akwai layi ɗaya da ke faɗin wanda yake riƙe da ɓarin da ya fi kowanne nauyi. Mai babban ɓari: wane. Layin nan Yaya take so. Shekara ashirin da uku tana yanka wa mutane, yanzu sunanta zai hau takarda.

Sai Waldo Ratzlaff ya ji labari.

Gonar Waldo ce a ɗaya gefen shingen. Ajinsu ɗaya da Yaya a firamare, kuma ba su shiri tun suna shekara tara, ranar da ta kayar da shi a gasar tofa 'ya'yan kankana ya ce iska ce ta taimake ta. Har ya yi furfura bai janye maganar ba. Tsoho da ciwon gwiwa, sai ga shi ya ɗaura mayen ƙarfe a bakin sanda, ya yi sati uku yana sintiri a gindin shinge, ana wucewa a mota ana yi masa hon. A sati na huɗu ya shigo garejin da abu naɗe a tsohuwar riga, bakinsa har kunne.

"Verlene, zo ki gai da wan dutsen naki."

Muka haɗa gefunan da suka karye, suka zauna daram, ba ko hanyar iska. Dutse ɗaya ne ya ɓare biyu. Muka ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya haura kilo shida, amma na Yaya ya fi da giram ashirin da huɗu.

"Ƙanen dai," in ji Yaya. "Ka riƙe shi da kyau, kada ya faɗi."

Murnar ba ta kai yamma ba. Farfesar da za ta duba dutsen ta ce a waya ba a shigar da komai littafi sai an ba jami'a samfurin giram ashirin, ko daga wane ɓari aka cire. Za ta zo ranar Juma'a da sikelinta, ta karɓi samfuri, ta auna duka biyun, ta rubuta abin da ta gani.

"Mu raba, goma-goma," in ji Yaya.

"Ina! Ba mai sa wa nawa zarto. Yadda Allah ya jefo shi haka zai zauna."

"Allah ya jefo shi a gonata, ya yi tsalle ne ya faɗa taka."

"Ke ce mai zarto, ke ce mai neman suna. Ni me ya dame ni? Idan ba a rubuta ba, in tokare ƙofar rumbu da shi."

Waldo ba wawa ba ne, ya riga ya yi lissafinsa. Ashirin daga ashirin da huɗu saura huɗu, kuma a cikin huɗun nan zarto zai ci nasa. Idan samfurin ya gaza ashirin ko da ɗigo, sai an sake yanka, zarto ya ci sau biyu. Idan ya zarce, ta yi kyauta da nasararta. Ba a auna kusurwar dutse tun tana jikinsa. Sai dai ido.

Ranar Laraba da safe Yaya ta ɗora dutsen a tebur, ta zauna da kofinta tana kallonsa awa guda. Ta ja layi da fensir a wata kusurwa, ta goge, ta matsa kaɗan, ta sake ja. Ta ɗaure shi a jikin Merle, ta saki ruwa ɗis-ɗis, ta tayar da inji. Waldo ya zo ba gayyata, ya kifa bokiti ya zauna, ya fito da burodi mai cushen nama da kabeji yana ci.

"Layin nan naki ya karkace, Verlene."

"Idonka ne ya karkace, tun muna aji uku."

"Na ga kamar giram goma sha takwas."

"Ka ga kabeji a haƙorinka dai. Delbert, ƙara ruwa."

Awa bakwai wayar tana tafiya. Ni ko ruwa na kasa sha. Da la'asar kusurwar ta saki, ta faɗo kan tawul. Yaya ta goge ta, ta wurga kan sikeli ba ta duba ba, kamar zamanin nama. Ni na karanta: ashirin da ɗigo uku. Muka goge babban, muka ɗora. Merle bai ci giram biyu cikakku ba. Yaya tana gaba da giram biyu.

Na yi ihu har karen maƙwabta ya amsa. Waldo ya sha toka, ya naɗe ragowar burodinsa, ya ce sikelin gida ba shaida ba ne, ya fita yana ɗingishi.

Ina cikin rawa na ga Yaya ta tsamo dutsen daga sifirit ta nufi kicin da shi.

"Yaya, ina za ki?"

"Tanderu mana."

"Haba Yaya! Dutsen nan shekara nawa ya yi a jiƙaƙƙiyar ƙasa? Ba ruwan zarto kaɗai zai fita ba, har na kakanninsa. Giram biyu fa kike da su!"

"Na iya ƙirga, Delbert."

"Ki bari sai Juma'a da yamma. Kwana biyu kawai. Wace tsatsa ce za ta kama shi a kwana biyu?"

"Na buɗe masa ciki, na ɗura masa ruwa awa bakwai. Ka ga ƙwayoyin ƙarfen nan da ke ƙyalli a fuskar yankan? Da su tsatsa take farawa."

"Na Waldo fa? Ko wanke shi bai yi ba, laka ce cike da ramukansa!"

"Na Waldo ba a gidana yake kwana ba. Matsa ka ba ni hanya."

Na tsaya a bakin ƙofar kicin na ware hannuwa, ni tsoho mai shekara sittin da biyu. Ta kalle ni irin kallon da take yi mini tun ina cikin gajeren wando, na matsa. Na kira ta mai taurin kai, na kira ta abin da ya fi haka, ta yi kunnen uwar shegu da ni, tana daidaita wuta.

Ranar Juma'a farfesa ta zo, 'yar siririya mai ladabi, da sikelinta a cikin akwati. Ta yaba yankan, ta ce ba ta taɓa ganin fuska mai santsi haka daga bakin zarto ba. Ta auna na Yaya, ta auna na Waldo. Tanderu ya sha giram bakwai. Waldo ya wuce da biyar.

Na tashi da faɗa. Na ce a kankare lakar, a gasa nasa shi ma, a yi adalci. Farfesa ta ce ita abin da aka ɗora mata take aunawa. Waldo ya rungume dutsensa ya ce laka ma daga Allah take. Yaya ta kawo wa baƙuwa kofi da kek, ta raka ta mota. Da ta dawo ta shiga gareji ta rufe ƙofa, na ji ta tana jifan bango da tsofaffin faifan zarto ɗaya bayan ɗaya.

Shekara takwas Waldo yana cin wannan nasara. Ya buga shafin, ya sa a firam, ya rataye a gidan shan kofi sama da injin ƙirga kuɗi. A ƙofar coci yakan cire hula ya ce, "Barka da asuba, mai ƙaramin ɓari." Ita kuma ta amsa, "Barka kadai, mai laka." Kowace Talata sai ya zo garejin, wai wucewa yake yi, ya zauna har azahar yana gyara mata aikin da bai san kansa ba. Ita ma ba ta bar shi ba. Ta ga dutsensa ya fara tsatsa a wani lungu, ta kasa haƙuri, ta riƙa ba shi 'yan ƙunshin garin da ke tsotse danshi ya sa a akwatin. Sau nawa ta ce ya kawo ta gasa masa.

"Ki gasa wa? Na san ki, Verlene. Ko kusa da murhunki ba zai bi ba."

Ni kuwa tun makon da aka kayar da mu na rubuta wasiƙar neman a gyara layin nan na littafi, na bar gurbin kwanan wata, na ajiye a aljihun tebur. Na san 'yan Adam. Ba a daɗe ana riƙe da dutse mai tsada a dunƙule.

Waldo ya rasu a watan Maris, yana kan taraktar da likita ya hana shi hawa. Bayan wata biyu babbar 'yarsa Twila ta shigo garejin da akwatin a hannu.

"Inna Verlene, Baba ya rubuta a raba komai daidai tsakaninmu mu biyar. Lauya ya raba gona, ya raba shanu. Wannan ya ce ba aikinsa ba ne."

Yaya ta kalli akwatin, ba ta taɓa shi ba.

"'Yar nan, ku bar shi yadda yake. Ya shekara a gidan wannan, ya shekara a gidan wancan."

"Inna, ƙannena a kan agogon bango ma ba sa magana da juna."

"Kin san idan waya ta shiga jikinsa ya tashi daga babban ɓari? Abin da ubanku ya shekara takwas yana cika wa gari kunne da shi?"

"Mun sani. Mu dai a raba mana mu huta. Idan aikin ya yi miki yawa, akwai wani mai yankan tayil na daɓe a Dodge City, ya ce zai yi mana a awa ɗaya."

"Mai yankan me?"

"Tayil, Inna."

"Da ruwan famfo, ko? Ajiye shi nan. Ajiye, na ce!"

Washegari ta zauna da shi ta yi masa kallon da ta yi wa nata, ta ja layuka huɗu. Tana da shekara saba'in da huɗu, hannunta na rawa idan ta ɗauki cokali, amma fensir bai yi rawa ba. Ta ɗaure shi, ta tayar da Merle. Yanka na farko ya ci yini biyu da rabi, domin ta tsakiya aka bi. Da rana tsaka ranar Alhamis kashin farko ya rabu, ta tare shi da tafin hannu. Daga wannan lokacin babu wani ɓarin Pruitt Wells a duniya da ya kai na Yaya nauyi.

Na ruga na ɗauko wasiƙar, na cike kwanan wata, na ajiye mata a gaba da biro.

"Sa hannu, Yaya. Ko awa ɗaya kada mu ƙara."

Ta goge hannunta a riga, ta ɗauka, ta karanta daga sama har ƙasa, ta sake karantawa.

"Wa zai ga gyaran?"

"Duniya mana."

"Wace duniya, Delbert? Ka taɓa jin wani ya buɗe shafin nan ban da ni da Waldo?"

Ta ajiye biron, ta juya ta kashe ruwa, ta tsaya ta ba ni baya. Kuka take yi, irin wanda ba ta yi a maƙabarta ba, tana zaginsa a ciki: ɗan banzan tsoho, mai ƙwauron giram goma, ya tafi ya bar ta da nasarar da ba wanda za ta yi wa gori da ita. Ni ma na ji idona ya cika, na kama samfefa ina goge abin da ba ya buƙatar gogewa.

Ta gama yankan a kwana tara, ta gasa su duka, kowane ɗa ya samu kashinsa, ba wanda ya fi wani da abin faɗa. Wasiƙar kuwa ba ta sa hannu ba. Har yau littafin yana cewa Waldo Ratzlaff ne mai babban ɓari. Ƙarya ce, kuma Yaya ta ce duk ranar da na aika aka gyara, kada in sake taka mata gareji.